Ciwon Gaɓoɓin Iyayenmu Mata

Yau zan ajiye kunya in yi batun iyayenmu mata.

Akwai gwaggona a nan Darmanawa. Tun da al'ada ta ɗauke mata, gwiwoyi da kafaɗu suka hana ta sakat, har sujada ta gagare ta. Muka ce sanyi ne, muka yi ta saya mata ƙwayoyi wurin masu talla, ciwo ya lafa da safe, ya komo da dare.

Da muka kai ta Asibitin Malam Aminu Kano, likita ya ce al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, sa'an nan sinadarin jikin mace da ke tsare ƙashi da gaɓoɓi ya ragu. Ƙwayoyin nan kuwa, in aka daɗe ana sha, sukan gyambace ciki, su ɓata ƙoda. Ya umurce ta da tattaki kullum, da gashi da ruwan ɗumi, da shan nono, da cin zogale, da rage ƙiba, gama zama wuri ɗaya shi ke ƙara sandarar da gaɓa.

Malamai, ku sanar da su shari'a ta yarda majinyaci ya yi salla a zaune. Mu kuma 'ya'ya, kada mu jira sai sun faɗa. Ba za su faɗa ba.

Wassalam.

Akawu, Darmanawa