Ilimin Nasiha Ya Fito Daga Samaru Ya Iso Maska

Tun shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare. To, iyaye nawa ne a Maska suka taɓa zama da irin wannan malami a kan ɗansu?

Alhali fitina tana ƙofar gida. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. A karkararmu yaro kan fara haɗiyar tiramol don jure ƙodago a gonar masara, sannan ya koma aji da ita.

Muna kira ga malaman fannin ba da shawara na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, da ɗalibansu masu neman digiri na biyu da na uku: kundayen bincikenku amana ce. Ku turo masu koyon aiki makarantun ƙauye, su yi bayani da Hausa, su zauna da iyaye da malaman Islamiyya. Masaukinsu, in sha Allahu, yana wuyanmu.