Mu Masu Sayar da Kayan Miya, Me Ya Hana Mu Shuka Ko Yakuwa?

Jama'a, musamman 'yan uwana mazauna Sabo, Shasha, Ojoo da duk masu neman halaliya a Kasuwar Bodija. Yau akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗe ta ko da wani zai ji haushi.

Tun da ruwan farko ya sauka a watan Maris na jera tsofaffin buhunan shinkafa guda tara a bayan ɗakinmu, na huda gindinsu, na cika su da ƙasa da busasshen kashin shanu, na shuka alayyafo, yakuwa, kuɓewa da attaruhu. Na dasa reshen zogale ɗaya da lalle ɗaya a jikin katanga. Wallahi tun ranar ban huta da ba'a ba. Wani dattijo abokin mahaifina ya leƙo ya ce, "Kai yaro, ubanka na sauke kwandon tumatir hamsin a Bodija, kai kuma kana wasan ƙasa?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, gwaji nake." Ban iya ba shi amsa ba don shi babba ne, amma a nan zan bayar.

Da farko, tumatirin da mahaifina ke saukewa ba a Ibadan aka noma shi ba. Daga Kadawa da Kura da Garun Malam yake fitowa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ba manoman rani dama. Albasa kuwa daga Aliero da Sakkwato. Mota za ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta iso, kuma duk abin da ya sami hanyar nan ko gonar can, tukunyar Inna ce ke fara jinsa. Mun gani a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mun gani a watan Fabrairun 2021 bayan rikicin Shasha, da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, a 2024 kuma babban kwando ya haura naira dubu ɗari a wasu kasuwannin Kudu. Ya kai mai karatu, a duk waɗannan lokuta gidajen Hausawan Sabo sun sami rangwame ne don mu ke sayarwa? Ina! Na san gidajen da aka koma sayen fasasshen tumatirin da a da zubarwa ake yi, wasunsu ma gidajen 'yan kasuwar ne.

Ban ce buhu tara zai ciyar da gida ba, kada a yi mini ƙarya. Amma alayyafo cikin sati huɗu zuwa biyar ake fara yankansa, ya kuma sake tofowa. Kuɓewa wata biyu ta fara 'ya'ya, ka yi ta tsinka kwana bibbiyu. Zogale kuwa reshe kawai za ka soka a ƙasa, ya yi maka shekaru. Yanzu sau uku a mako Inna ba ta aika yaro sayen ganye. Da babu gara ba daɗi.

Masu cewa babu fili, na ji. Gidajen Sabo a cunkushe suke, mafi yawanmu kuma haya muke. To amma muna da wurin ajiye tsofaffin tayoyi, fasassun kwanduna da injin janareton da ya mutu tun shekara biyar. Buhu ɗaya bai fi wurin zaman mutum ɗaya ba, in mai gida ya tashe ka kuma ka ɗauki abinka ka tafi. Masu kukan awaki da kaji, ai fasasshen kwandon tumatir da ake zubarwa a Bodija kullum ya isa shinge. Taki ma kyauta ne: ruɓaɓɓen ganye da ɓawon albasa da muke biyan kuɗi a kwashe, in an tara su a rami suka ruɓe sun zama taki. Ruwa kuwa, mu da muka fito daga ƙasar da ake addu'ar roƙon ruwa a watan Yuni, ga mu a garin da damina ke kamawa tun Maris ko Afrilu, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta ci gaba har Oktoba. Lokacin da bazara ke gasa mutane a Katsina, nan ƙasa a jiƙe take. Wane uzuri ya rage?

Gaskiya ɗaya da zan amsa ita ce ba komai ke yi a nan ba. Albasa tana son rani da sanyin hunturu, damshin Ibadan ba nata ba ne. Tumatir na damina ma cuta na saurin kama shi, nawa guda uku duk sun bushe. Shi ya sa nake cewa a fara da ganye da kuɓewa da barkono. Wanda ke son ƙarin sani, a garin nan cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, wato NIHORT, take a Idi-Ishin, ga kuma IITA da aka kafa tun 1967 a kan hanyar Oyo. Mutane na zuwa daga wasu ƙasashe don su koya, mu kuwa a kan babur muke wuce ƙofarsu.

Amma ni a ganina ainihin ciwon ba fili ba ne, ba awaki ba ne. Ciwon shi ne maganar nan da kullum muke yi: "Ai mu baƙi ne, gida za mu koma." Jama'a, Sabo tun 1916 aka kafa ta, ta haura shekara ɗari. Kasuwar Bodija kanta tun 1987 ake cinta. A nan aka haife ni, a nan na yi sakandare, kakana a nan aka binne shi. Duk da haka muna zaune kamar masu jiran mota a tasha, ba mu dasa itace, ba mu gyara lambatu, duk abin da aka samu sai a kai Arewa a gina gidan da ake kwana cikinsa sati biyu a shekara. Ka duba maƙwabtanmu Yarbawa, da wuya ka shiga bayan gida ba ka ga ewedu, wato lalo, ko shuwaka ko ayaba ba. Mu jikokin manoma, masu kirarin na duƙe tsohon ciniki, mu ne yaranmu suka girma ba su san yadda furen kuɓewa yake ba. Ƙanina ɗan shekara takwas da ya ga furen rawayan nan ya buɗe da safe, cewa ya yi na roba ne na manna. Na yi dariya, daga baya abin ya ba ni kunya.

Su kuma masu cewa fure aikin 'yan boko ne da Turawa, su tambayi iyayenmu mata ƙamshin furen lalle da yamma, da yadda a ƙauye babu gidan da ba shi da shi a tsakar gida. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Ko akuyar maƙwabci ta cinye, ba ka yi asara ba ke nan.

Saboda haka ina kira ga matasan Sabo: kafin ruwan bana ya yi nisa kowa ya nemi buhu ɗaya, ɗaya tak. Irin alayyafo da yakuwa ana samunsu da kuɗi kaɗan a cikin kasuwa. Dattijon nan da ya yi mini ba'a kuwa, shekaranjiya ya aiko jikarsa wai Inna ta taimaka masa da zogale, likita ya ce ya riƙa cin ganye. Na tsinko masa da hannuna, na cika leda, ban ce komai ba.

Allah ya sa mu dace, ya ba mu damina mai albarka.