Guzurin Ƙolo: Raddi ga Mai Cewa Tura Yaro Hannu Rabbana Tawakkali Ne

 Wani malami da nake ganin girmansa, wanda a gabansa na sauke Ahalari da Ishmawi, ya yi karatu kwanan baya yana kare iyayen da ke kai ƙananan yara tsangayar wani gari su juyo ba su bar musu ko tiyar gero ba. Ya ce wannan tawakkali ne, masu sukar sa kuwa raunin yaƙini ke damun su. Ba zan kama sunansa ba. Kuma kada wani ya ɗauka da tsangaya nake faɗa, allo da tawada su suka raine ni. Hujjoji huɗu Malam ya kawo, zan bi su yadda ya jero su.

Ta farko, ya kawo aya ta 6 ta Suratu Hud, wadda ta tabbatar da cewa arzikin duk mai rai yana wuyan Ubangiji, ya haɗa da hadisin Sayyidina Umar da Tirmizi ya ruwaito, na tsuntsayen da ke fita da yunwa su dawo a ƙoshe. Sannan ya rufe da karin maganar nan tamu, wai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

Allah gafarta Malam, babu musulmin da ke jayayya da ayar. Sai dai Wanda ya lamunce arzikin shi ne ya shata hanyar da zai biyo, hanyar yaro kuwa ta hannun ubansa ta biyo. Aya ta 233 ta Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufatar da matar da ke shayar masa da ɗa, to ina ga ɗan kansa? Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda Malam ya karantar ya fi a ƙirga, ta wajabta wa uba ciyar da ɗansa namiji har ya balaga. Ban ga inda aka cire wanda ya tafi karatu ba. Tsuntsayen hadisin kuma manya ne masu fukafukai, su suke sammako. Duk wanda ya taɓa leƙa sheƙar kurciya ya san wanda bai yi gashi ba yana kwance ne, iyayen ke zuwa su ɗura masa a baki.

Ta biyu ita ce mai nauyi, a nan zan daɗe. Malam ya ce Annabi Ibrahim ya bar Hajara da jaririnta Isma'ila a kwarin da babu shuka, ya juya ya tafi. Ya ce Sayyidina Abubakar ya kwaso dukiyarsa kakaf ya bayar, bai bar wa iyalinsa komai ba face Allah da Manzonsa.

Mu koma ruwayar Buhari daga Ibnu Abbas mu karanta ta har ƙarshe. Hajara ta bi mijinta tana tambaya, har ta tambaye shi ko umarnin Allah ne, ya tabbatar mata, sannan hankalinta ya kwanta. Wane uba ne a yau aka yi wa wahayi ya kai ɗansa bayan tashar mota ya ajiye? Na biyu, ruwayar ta faɗi ƙarara cewa ya bar musu jakar dabino da salkar ruwa. Badaɗin Allah, da umarni a hannunsa, bai tafi ba sai da ya ajiye guzuri. Na uku, a hannun uwarsa aka bar jaririn. Uwar kuma da ruwa ya ƙare ba ta naɗe hannu ba, sau bakwai ta yi safa da marwa, har hakan ya zama ibadar da alhazai ke yi, ya kuma zama karin magana a bakin Bahaushe.

Shi kuwa Abubakar ɗan kasuwa ne mai sana'a a hannu, wanda ya san gobe zai koma ya nemo. Ga abin da Malam ya tsallake: Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana kwance ba lafiya a Makka, ya nemi ya yi wasiyyar sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsayar da shi a sulusi, aka ma nuna masa sulusin da yawa, dalilin da aka ba shi kuwa shi ne barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna miƙa wa mutane hannu. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Abin da aka ji wa 'ya'yan Sa'adu tsoro bayan mutuwarsa, shi muke yi wa namu muna raye, mu sa masa suna tawakkali.

A nan ne nake ganin kuskuren ya samo asali. Tawakkali aikin zuciya ne, mutum da zuciyarsa yake yin sa. Babba mai hankali yana iya zaɓar haƙuri da yunwa don neman ilimi, ya sami lada. Amma ɗan shekara bakwai bai zaɓa ba. Uban yana gida, rumbunsa da hatsi, an tuƙa tuwon dare an miƙo masa malmala biyu, cikin da ke kukan yunwa kuwa yana can wani gari. Idan da mai tawakkali a wannan lamari, yaron ne, shi ma dole ce ta sa.

Da sanyin bara na ga wani yaro a tasha, da robar bara shuɗiya a hammata, silifas ɗinsa wari da wari, ƙafafun duk faso. Ya tsaya nesa kaɗan da mai shayi yana kallon bakin wani fasinja, yana jiran ya ture kwanon. Da aka ture, su huɗu suka yi kansa. Na tambaye shi yaushe rabon da babansa ya zo, ya ɗaga kai yana lissafi, ya ce tun kafin babbar sallah. Na tabbata wannan uban, duk inda yake, ya ɗaure akuyarsa a turke a daren nan, ya kuma zuba wa wakensa magani don gudun ƙwari. Mutumin da ya tambayi Annabi game da raƙumarsa an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Mu mun ɗaure dabbar, mun saki yaron.

Ta uku, Malam ya kafa hujja da Ahlus Suffa. Wannan ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Manya ne irin su Abu Huraira, baƙi da matalautan da suka zo da ƙafarsu, kuma ba a sake su su bi gida-gida ba. Hadisin Abdurrahman ɗan Abubakar ya nuna yadda ake rarraba su: mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, Abubakar ya tafi da uku, Annabi ya tafi da goma. Wannan tsari ne, da mai ɗaukar nauyi sananne.

Ta huɗu, Malam ya ce haka muka gada, manyan alarammomi da bara suka tashi, wahala ce ke sa wa karatu albarka. Ya kuma yi wa masu cewa "Allah ya ce tashi in taimake ka" dariya, ya ce su nuna masa surar. A wannan gaɓar gaskiyarsa ce, maganar ba aya ba ce, bai kamata a jingina ta ga Allah ba. Amma ma'anarta ba ta rasa madogara. Buhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman kan fito aikin Hajji ba guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. Baƙin Allah ke nan, a kan hanyar ɗakin Allah, ba a karɓar musu wannan uzurin ba. A hijira ma, Annabi ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya kwana uku a kogon Sauru, Abdullahi ɗan Abubakar na kawo labari, Amiru ɗan Fuhaira na kawo tumaki ana shan nono, ga ɗan jagora Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ da aka ɗauka haya, ko musulunta bai yi ba a lokacin.

Gadon da Malam ke magana kuwa, a faɗe shi cikakke. A da bayan kaka ake tafiya, malam yana da gona, almajirai na taya shi noma, manoman gari na kai masa zakkar hatsi, ƙolo yana da uwar ɗakin da ta san shi da suna tana ajiye masa kwanonsa, gardi yana ɗinkin hula ko yankan farce ya ci da kansa. Yau malam ɗaya ne a gidan haya cikin birni, da yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa da dare, kuɗin Laraba ba ya sayen mudu biyu, maƙwabtan su ma ta kansu suke. Alarammomin da suka fito daga wannan wahala mun san su, Allah ya ƙara musu daraja. Waɗanda mota ta kaɗe, da waɗanda zazzaɓi ya ɗauke a soro, da waɗanda suka bar allo suka bi 'yan daba, su ba a kiran su majalisi su ba da shaida.

Idan na yi wa wani nassi mummunar fahimta, Malam ya gyara mini, zan zo har zaure in durƙusa in karɓa kamar yadda na saba. Amma ina roƙon ya fara da hadisin Sa'adu, don shi ne bai taɓo ba ko sau ɗaya a karatun nasa.