Kafin ka sa wa motarka kamshaf na tsere, tuna da birkinka

Yau ba maganar waya zan yi ba, ko da yake waya ce ta jawo ta.

Makon jiya wani abokina direba, mai jigila a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya kawo min wayarsa a shagona nan Dogon Daji in canja mata gilashi. Ina gamawa ya buɗe TikTok ya nuna min wata motar Amurka a tsaye, injinta na wata irin rawa, gab-gab-gab. Ya ce: "Wallahi irin wanga sauti ni ka so, an ce kamshaf ɗai aka canjawa." Na ce masa ya dakata. Kai ma in kana da wannan sha'awar, ga dalilina.

Kamshaf shi ne sandar ƙarfe mai tozaye da ke buɗe bawul-bawul na inji yana rufewa. Akwai na shigar iska da mai, akwai na fitar hayaƙi. Na tsere yana barin su a buɗe lokaci mai tsawo, har a jima dukkansu biyun suna buɗe tare. In inji na gudu sosai, kamar juyi 5000 zuwa sama a minti ɗaya, wannan yana ƙara ƙarfi, don hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska. Amma a silo, wajen juyi 800, hayaƙi ne ke komowa baya cikin hanyar iska. Sautin nan da ke burge ka, inji ne ke tuntuɓe.

To ina ruwan birki? Duk lokacin da fistan ya sauka alhali ba ka taka totur ba, inji na zuƙar iska da ƙarfi, kamar mai shan kunu da tsinke. Wannan zuƙar ita ake kira bakyum. Buɗe bonet ka duba bayan fedar birki, za ka ga wata baƙar tukunya da tiyo ya haɗa ta da inji, makanikai na ce mata busta. Da zuƙar nan take taimakon ƙafarka. Lafiyayyen injin fetur yana ba da inci 17 zuwa 21 a agogon gwaji. Kamshaf mai zafi na iya saukar da shi zuwa 10 ko ƙasa. A nan feda za ta yi tauri kamar ka taka dutse, musamman in ka taka sau biyu ko uku a jere.

Yanzu ka tuna da hanyoyinmu. Shanu na tsallakawa, ga amalanke, ga 'yan makaranta, ga ramukan hanyar Kebbe da ba ka wuce giya biyu. Ƙarfin da kake buƙata yana ƙasa-ƙasa, wurin tashi da kaya, kuma nan ne kamshaf na tsere ke rage shi. Ka sayi gudun da ba ka da inda za ka yi shi, ka biya da birkin fasinja. Ga shan mai, ga mutuwa a silo. In motar mai kwamfuta ce kuma, ita ma da wannan zuƙar take lissafin mai a motoci da yawa, sai an sake saita ta.

In ka ce dole sai ka canja, yi waɗannan:

1. Gwada tukuna. Sayi ɗan ELM327 mai Bluetooth, soka shi a kafar OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, sauke manhajar Torque. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da kafar. In motar na da na'urar MAP, a silo bayan inji ya yi zafi za ka ga kusan 30 zuwa 40 kPa. Lura: a nan, hawan lamba na nufin zuƙar ta yi rauni. Tsohuwar Golf mai kafireto kuwa sai agogon gwaji.

2. Tambayi lambar LSA ta kamshaf ɗin. Digiri 112 zuwa 114 ya fi barin silo lafiya. 106 zuwa 108 na filin tsere ne. Kuma lambobin da babban injin V8 zai haɗiye, za su shaƙe ɗan 1.6.

3. Tanadi kuɗin famfon zuƙa na lantarki saboda busta.

4. Bayan aiki, kashe inji, taka birki har ya yi tauri, riƙe shi, sannan ka tayar. Feda ta ɗan nutse. In ba ta nutse ba, kar ka hau titi.

A sana'ata na sha ganin masu matsa wa waya don ta yi saurin wasa, daga baya batir ya kumbura. Waya in ta lalace ina nan. Birki in ya ƙi a bakin kasuwa fa?

Abokina dai ya fasa, ya sayi tayoyin gaba da kuɗin. Makanikai da ke cikinmu, ku faɗa mana abin da kuka gani.