Bayan Kanta Ba Kotu Ba Ce

Duk wanda ya taɓa sammakon zuwa caji ofis domin karɓo ɗan'uwansa ya san irin mutanen da ke kwana a bayan kanta. Da wuya ka tarar da ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane. Waɗanda za ka gani su ne ɗan adaidaita sahun da takardunsa suka ƙare, mai tallan da ya kasa kaya a bakin titi, saurayin da aka kwashe a teburin mai shayi lokacin samame, da magidancin da aka kawo ƙararsa kan bashi. Wannan jarida tana ganin yawancin irin wannan kamu ba shi da alaƙa da tsaron al'umma. Amfani ne da kaki wajen danne wanda ba shi da gata, kuma dokokin ƙasar nan sun riga sun haramta mafi yawansa.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Dokar 'yan sanda da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta maimaita waɗannan hani biyu, kuma ita tana aiki a kan kowane ɗan sanda daga Sakkwato har Kalaba. Laifin nan da ake kira yawon banza kuwa tun 1989 gwamnatin soja ta soke shi. Amma har gobe ana tsare uwa don ɗanta ya gudu, ana tare matashi da dare a ce ya faɗi inda za shi ko ya hau mota.

Abin da ya sa aka kasa daina wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne: akwai kuɗi a ciki. A bangon ofisoshin 'yan sanda an rubuta cewa beli kyauta ne, amma iyaye da matan waɗanda aka tsare sun san ba haka abin yake ba. Sun san kuma dalilin da ya sa kamun ranar Juma'a ya fi ciwo, domin kotu ba za ta zauna ba sai Litinin, ga cinikin beli yana jira. Mai hali yana buga waya ɗaya a sallame shi kafin ya zauna. Talaka kuwa sai an sayar da akuya ko wayar salula. Ɗan adaidaita da ya kwana biyu a tsare ya rasa cefanen gida, ga balas ɗin mai keke yana taruwa a kansa. An hukunta shi ke nan, alhali babu alƙalin da ya saurare shi.

Wanda ya kasa fansar kansa a caji ofis, hanyarsa ta gaba ita ce gidan yari. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara da diyya kawai suka riƙe, bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu. An kyauta, amma a raba kuɗin a gani: abin da ya hana kowannensu komawa gida bai kai naira dubu 150 ba a matsakaici. Yaron da aka kai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse kan ƙaramin laifi yana kwana ne tare da waɗanda suka goge a harkar, kuma ba a san da wane hali zai fito ba.

Mun san abin da masu goyon bayan kame za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Mutumin Kano da aka sa wa wuƙa aka ƙwace wayarsa, ko mazaunin unguwar da faɗan daba ya hana barci, so yake ya ga motar 'yan sanda tana sintiri. Gaskiya ne kuma cewa ɗan sanda yana aiki cikin ƙunci, albashi kaɗan, mota ba mai, ofis ba takarda. Wanda ya ɗauki makami ko ya yi ƙwace a kama shi, a kai shi kotu da hujja. Sai dai kamen kan mai uwa da wabi bai taɓa maganin daba ba. Idan aka kwashe samari talatin a unguwa domin neman mutum uku, an ɓata da gidaje ashirin da bakwai, kuma daga cikinsu ne gobe ake neman mai ba da shaida. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta taso ne daga irin wannan tare matasa a hanya ana binciken wayoyinsu. An rusa rundunar SARS, amma ɗabi'ar ba ta tafi tare da ita ba.

Jama'a ma suna da hannu a cikin wannan ɓarna. Wane ne yake kai ƙarar abokin cinikinsa caji ofis, ya ba da kuɗin mai, ya ce a kulle shi sai ya biya? Wane ne yake sa a ɗauko surukinsa ko ɗan hayarsa domin a nuna masa iyakarsa? Mu ne. Ga mai unguwa, ga dagaci, ga zauren sulhu, ga kotunan shari'a da na majistare, amma sai a zaɓi ɗan sanda saboda shi ne mai sel. Duk wanda ya saba hayar kaki domin rikicin kuɗi ya sani wanda ya fi shi kuɗi zai iya hayarsa a kansa.

Akwai kuma gyaran da ya rage wa majalisun jihohi. Kundin Penal Code da Arewa ta gada tun jajibirin samun 'yancin kai har yanzu yana ɗauke da sassa kan marasa aikin yi da masu gararamba. A watan Disambar 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta bayyana cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar, domin talauci suke hukuntawa. A ƙasar da miliyoyin matasa ke neman aiki ba su samu ba, barin irin wannan sashe a littafi ba wa azzalumi sanda ne.

Abin da muke nema yawancinsa ba ya buƙatar sabuwar doka. A ƙaramin laifi, a rubuta sunan mutum da adireshinsa a aika masa sammaci. Alƙalai su riƙa yanke aikin gayya ga al'umma a maimakon ɗauri, tunda dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi haka. Mafi muhimmanci, dokar 2015 ta wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kamu, ya ba da beli ko ya sa a kai mutum kotu. Muna kira ga manyan alƙalan jihohi su tabbatar ana yin wannan ziyara ba tare da sanarwa ba, su kuma riƙa fitar da sakamakonta ga jama'a: wane ofis aka je, mutum nawa aka tarar, kwana nawa suka yi. DPO ɗin da aka samu yana tsare mutum kan bashi ko a madadin wani, a miƙa sunansa ga Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, a kuma faɗa wa wanda aka zalunta hukuncin da aka yi wa DPO ɗin.