Buhu ya iso lafiya, ɗan dako fa?

Ƴan uwa, satin da ya wuce na je duba maƙwabcinmu a asibiti. Sama da shekara goma yana dako a nan Gaya. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya ɗaga, wani abu ya tsinke masa a mara, likita ya ce ƙaba ce, sai an yi aiki. Mai mangazar da yake yi wa lodi ya aiko da jika biyu da "Allah ya sawwaƙe". Kashegari wani yaro ya maye gurbinsa.

Kun san tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa sun koma ƙetare Kwara a kwale-kwale. Nauyin da babbar mota ke wucewa da shi a kan gada ya dawo wuyan mutane: a sauke, a loda wa jirgi, a sake saukewa, a sake lodawa, cikin ranar da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ɗan kasuwa yana lissafin buhun da ya jiƙe ko ya fashe. Wa ke lissafin ƙugun da ya goce?

Kuma ba doka ce babu ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiya da ran ma'aikacinsa. CNSS tana da reshe na musamman don haɗarin aiki da cututtukan da aiki ke jawowa. Amma CNSS wanda aka rubuta sunansa ta sani, shi kuwa ɗan dako ba kwantaragi, ba kati, kuɗinsa a kan buhu. Ran da ya kwanta, tukunyar gidansa ta kwanta.

Na san abin da za a ce: "Ƙaddara ce." To, me ya sa buhu ba a bar shi ga ƙaddara? Ana rufa masa tamfal, a ɗaukar masa mai gadi. Wasu za su ce ciniki ya mutu, ba halin ƙarin kashe kuɗi. Gaskiya kasuwa ta ji jiki, amma randar ruwan sha da rumfa ba su taɓa karya ɗan kasuwa ba.

Kowace 28 ga Afrilu ana bikin ranar lafiya da kariya a wurin aiki, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Mu ga abin da muke nema a bakin kogi da tashoshin lodi: ruwan sha, inuwa, hutu in rana ta take, amalanke inda hanya ta yarda. Duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki, mai kaya ya ɗauki maganinsa har ya warke. Shugabannin ƴan dako su buɗe rajista da asusun jinya, a riƙa cire wani abu a kan kowace mota. Sufetocin ƙwadago kuma su sauko bakin ruwa su gani da idonsu.

Kai da ke karanta wannan a waya, shinkafar da ka ci yau a kan wani ta hau kafin ta iso tukunya. In babanka ko yayanka na da mangaza, daga gida za ka fara: tambaye shi, in yaronsa ya karye gobe, wa zai biya? Ku rubuto mana amsar da ya ba ku.