RA'AYINMU: Matar Cikin Kalanda Ba Ta Zuwa Rijiya



Da yawa daga cikinmu nan Dagumawa mun taɓa buɗe adakar kakanninmu. A cikin murfin, sau da yawa za ka tarar an manna tsohuwar kalandar tallan atamfa, tun zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki. Ta farko cikinsu, KTL, an buɗe ta a 1957, tun kafin a haifi iyayenmu.

Mun zauna mun kalli irin wannan kalanda da kyau. Mai zanen ya ba matar dogon wuya, siririn ƙugu, manyan idanu da kwalli, ga ɗaurin ɗankwali ya tashi sama. Fatarta kuma an haska ta fiye da ta duk matan unguwarmu. Hannunta ba kanta, ƙafarta ba faso. Ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, ba ta riƙe da littafi. Murmushi kawai take yi.

Gaskiya zanen yana da kyau. Amma an yi shi ne don a sayar da atamfa, ba don a nuna mana yadda mace take ba.

Abin da ya dame mu shi ne, matar nan ba ta mutu ba. Ta koma jikin kwalin man shafawa a kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, da fostar shagon tela, da wayoyin yayyenmu. Har a cikin ajinmu akwai masu tara kuɗin tara don su sayi man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wasu mayukan suna ƙona fata, suna kuma lalata ƙoda. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Kakannin namu sun ga kalandar, sun sayi atamfar, sun ɗaura, amma ba su sauya fatarsu ba. Mu ma mu yi haka.

Muna roƙon malamanmu su riƙa tattauna wannan a aji. Ku kuma 'yan uwa maza, ku daina tsokanar baƙaƙen cikinmu. Baƙa, fara ko wankan tarwaɗa, duk halittar Allah ce.

Daga wata ɗalibar aji biyu, a madadin ƙungiyar 'yan jaridar makaranta.